Yadda za ku gane ko haihuwa na raguwa a zangonku

Wanda ke zaune a Aboabo ko Asawase ko Sawaba a Kumasi, idan aka ce masa haihuwa tana raguwa a Ghana, da wuya ya yarda. Ba a yin mako ba a kafa rumfar suna a layinsa ba. Amma yawan suna ba ya nuna 'ya'ya nawa kowace mace ke haifa. Abin da yake nunawa shi ne mata masu shekarun haihuwa sun yi yawa a unguwar. Babban binciken lafiyar iyali na shekarar 1988 ya samu matsakaicin haihuwar macen Ghana 'ya'ya 6.4 ne. Na 2014 ya samu 4.2, na 2022 kuma 3.9: a birane 3.2, a karkara 4.8. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Na zangonku babu mai kawo muku shi, sai kun ƙirga da kanku, kuma kwamitin masallaci ko ƙungiyar matasa za su iya da littafi da biro da waya mai kalkuleta.

Kafin a buɗe littafi, a shata iyaka. A ɗauki abin da kowa ya sani, daga wannan kwalbati zuwa wancan titi, a zana a takarda, a ba kowane gida lamba. Gida 150 zuwa 250 sun isa aikin farko, tunda gidan haya ɗaya a Kumasi yana iya ɗaukar iyali goma. A nemi iznin sarkin zango da limami, a sanar da asambuliman, a kuma yi shela bayan sallar Juma'a cewa wannan ƙirga ba ta da alaƙa da haraji ko zaɓe ko takardun zama ɗan ƙasa. Idan aka tsallake wannan shelar, za a ɓoye muku mutane, musamman waɗanda kakanninsu suka zo daga Nijar ko Najeriya ko Burkina kuma suka gaji da tambayar asali.

Lambobi huɗu kuke nema: yawan mazauna unguwar a tsakiyar shekara, wato kusan 1 ga Yuli, jariran da aka haifa da rai a cikin wata goma sha biyu, waɗanda suka rasu a cikin waɗannan watanni, da yawan mata 'yan shekara 15 zuwa 49, a rarrabe shekara biyar-biyar.

Wane ne mazaunin unguwa? A nan ake fara ɓata lissafi. Ƙidayar ƙasa ta 2021, wadda ta samu mutum miliyan 30.8, ta rubuta kowa ne a inda ya kwana daren 27 ga Yuni. Wannan ya dace da ƙasa, bai dace da unguwa ba. Ku kafa doka ɗaya kar ku sauya ta: duk wanda ya yi wata shida a gidan, ko ya zo da niyyar zama, mazauni ne. 'Yan matan kayayo da ke sauka daga arewa su yi wata uku a Kejetia su koma gona da damina ba sa ciki. Wadda ta shekara biyu a ɗakin tana ciki. Direban da ke tafiya Tamale ko Wagadugu yana dawowa wurin iyalinsa yana ciki. Yaron riƙo a rubuta shi a gidan da yake kwana, amma haihuwarsa ta uwar da ta haife shi ce, kar a ɗora wa marikiya.

Tambayar haihuwa aikin mata ne. Namiji idan ya yi sallama, maigida zai fito ƙofa ya ce "'ya'yana goma sha ɗaya, alhamdulillahi", ya haɗa na mata biyu da na wadda ya saki, kuma wannan lambar ba ta da amfani a lissafi, domin ana auna haihuwa ne a kan kowace mace. A tura mata biyu, ɗaya dattijuwa da ake jin nauyinta, kamar ungozoma ko malamar makarantar matan aure, ɗaya matashiya mai rubutu. Kar a ce "Hajiya, 'ya'yanki nawa?" Da yawa ba sa son ƙirga 'ya'ya, wata kuma kunyar ɗan fari za ta sa ta tsallake shi. A tambaya ta nan: "Mma, daga watan Yulin bara zuwa yau, an sauka a ɗakin nan?" Idan ta ce e, a roƙi katin awo a kwafi ranar haihuwa daga ciki. Sannan, a hankali, a ƙara tambaya ta biyu wadda ita ce ta fi muhimmanci: "Akwai wanda aka haifa ya yi kuka ko ya motsa, sannan Allah ya karɓi abinsa?" Jaririn da ya koma kafin ranar suna ba shi da rago, ba shi da suna, sau da yawa ba shi da takarda, kuma uwa ba za ta ambace shi ba sai an tambaya. Dole a rubuta shi sau biyu, a shafin haihuwa da shafin mutuwa. Wanda aka haifa babu rai, da ɓari, ba sa shiga ko ɗaya daga cikin shafukan biyu, a ware musu shafi dabam. Tagwaye haihuwa biyu ce.

Sai batun goyon ciki da wankan jego. Amarya tana aure a Asawase, ta tafi gidan iyayenta a Tafo ko Salaga ta haihu, ta yi arba'in ta dawo. Haihuwar ta Asawase ce, domin nan uwar take zaune. Wadda kuma ta zo gidan uwarta a cikin iyakarku ta haihu ta koma gidan miji a Nima, ba taku ba ce, ko da a ƙofarku aka yanka ragon. Wannan ne ya sa littafin limami na raɗin suna, ko lissafin wanzami, ba sa wadatarwa su kaɗai. Amfaninsu shi ne gwadawa: idan limamai sun raɗa suna 120 ku kuma kun samu 80, ku koma ku nemi inda arba'in suka shiga.

Mutuwa ma haka. Muna gaggauta jana'iza, kuma ba kowace ce ke da takarda a hannun iyali ba. Wani ya rasu a asibitin Komfo Anokye an wuce da shi garinsu, wani an kawo shi daga ƙauye jinya ya cika a gidan ɗansa aka kai shi makabartar Tafo. Dokar wata shida ita ce alƙali. A haɗa abin da iyalai suka faɗa da abin da masu wankan gawa da limamai suka tuna. Akwai ramin da kusan kowa ke faɗawa: tsohon da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya, ya rasu, aka ba wani ɗakin. Sabon ɗan haya bai san shi ba. Mai gidan ko wanda ya fi daɗewa a gidan za a tambaya.

Wata goma sha biyun su zama na kalandar boko. Daga Babbar Sallah zuwa Babbar Sallah kwana 354 ne, ya gaza da kwana goma sha ɗaya, wato za ku yi asarar kusan uku cikin ɗari na haihuwa da mutuwa. Sallah da azumi da Mauludi a yi amfani da su wajen tunatar da mutum lokaci, sannan a mayar da ranar zuwa watan boko.

Yanzu lissafi. A ce, don misali kawai, kun samu mutum 4,000, haihuwa 104, mutuwa 28. A raba 104 da 4,000 a ninka da 1,000: haihuwa 26 cikin kowane dubu. A yi wa 28 haka: mutuwa 7 cikin dubu. A cire 7 daga 26, saura 19 cikin dubu, wato 1.9 cikin ɗari a shekara. Wannan ita ce ƙaruwa ta asali, wadda babu ruwanta da wanda ya ƙauro ko ya ƙaura. Don a san shekara nawa jama'a za su ninka idan aka ci gaba a haka, a raba 70 da 1.9: kusan shekara 37. Ranar da mutuwa ta fi haihuwa, amsar za ta faɗi ƙasa da sifili, kuma ita ake kira raguwa ta asali.

Lamba 26 ɗin nan tana yaudara, shi ya sa ake buƙatar matsakaicin haihuwar mace. Ga yadda ake fitar da shi. A kowane rukunin shekaru, a raba haihuwar rukunin da yawan matansa, da masu aure da marasa aure duka. A misalinmu, 'yan 15 zuwa 19 su 200 ne da haihuwa 8, amsa 0.040. 'Yan 20 zuwa 24 su 220 da haihuwa 26, amsa 0.118. 'Yan 25 zuwa 29 su 200 da 32, amsa 0.160. 'Yan 30 zuwa 34 su 160 da 22, amsa 0.138. 'Yan 35 zuwa 39 su 130 da 12, amsa 0.092. 'Yan 40 zuwa 44 su 100 da 4, amsa 0.040. 'Yan 45 zuwa 49 su 80, babu haihuwa. Jimillar amsoshin 0.588. A ninka da 5, saboda kowace mace tana shekara biyar a kowane rukuni: 2.9. Ma'anarsa, yarinyar da za ta bi ta dukkan waɗannan shekaru tana haihuwa kamar yadda matan bana suka yi, za ta tashi da kusan 'ya'ya uku. Wanda ya manta ninkawa da 5 zai samu lambar da ta gaza ta Koriya ta Kudu, inda haihuwa ta yi ƙasa ƙwarai, ya tayar wa jama'a da hankali, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi.

Shekarun mata su ne raunin wannan lissafi. Idan aka tambaya da baki, za ku ga 25 da 30 da 35 da 40 sun cika maƙil, 29 da 31 kuwa kamar ba a haifi kowa ba. 'Yar 34 da ta ce 35 ta tsallaka rukuni. A duba katin Ghana ko katin inshorar lafiya. Idan babu, a gwada ta da wata tsararta a gidan wadda ke da takarda.

To 2.9 ɗin me take faɗa? Ma'aunin shi ne 2.1, adadin da ake buƙata don 'ya'ya su maye gurbin iyaye. Ya ɗan haura biyu ne saboda maza sun ɗan fi mata yawa a haihuwa, kuma ba kowace yarinya ce ke kaiwa shekarun haihuwa ba. Inda mutuwar yara ta yi yawa, ana buƙatar fiye da haka. Sai dai faɗuwa ƙasa da 2.1 ba ta rage jama'a nan take. Japan ta sauka ƙasa da ma'aunin tun tsakiyar shekarun 1970, amma sai a 2005 mutuwa ta fara fin haihuwa, bayan shekara talatin. Dalili shi ne ɗimbin yaran da aka riga aka haifa sai da suka girma suka haihu, tsofaffi kuma ba su da yawa tukuna. A 2023 Japan ta samu haihuwa kusan 727,000 da mutuwa sama da miliyan ɗaya da rabi. A Koriya ta Kudu mutuwa ta fi haihuwa tun 2020, kuma matsakaicin ya kai 0.72 a 2023. Ƙasar Sin ta ragu da mutum 850,000 a 2022: haihuwa miliyan 9.56, mutuwa miliyan 10.41. Jamus ta fi koyar da mu wani abu: tun 1972 mutuwa ke fin haihuwa a can kowace shekara, amma yawan jama'arta bai rushe ba, saboda baƙi suna shigowa. Zango ma haka yake. Unguwa na iya cika da mutane alhali haihuwa tana sauka, ko ta ragu saboda matasa sun koma Kenyase ko sun yi Turai alhali haihuwa tana nan. Shi ya sa ba a haɗa ƙaura da wannan lissafi.

Ghana na nesa da raguwar jama'a. Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2021 tana ƙaruwa da 2.1 cikin ɗari a shekara. Abin lura a wurinmu shi ne saurin saukar a birane, inda kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, da kuɗin makaranta, da karatun 'ya'ya mata ke jinkirta aure. Jinkirin kansa yana danne lambar shekara: idan 'yan 20 zuwa 24 suka ɗage haihuwa zuwa 27, matsakaicin zai faɗi na wasu shekaru ko da a ƙarshe za su haifi adadin da suka yi niyya. Ku duba wane rukuni ne ya sauka. Idan na ƙananan ne kawai, na 'yan 30 zuwa 39 kuma yana hawa, jinkiri ne. Idan duka suka sauka tare, iyali ne ke ƙanƙancewa.

Kar ku yanke hukunci da shekara ɗaya. A ƙaramar unguwa lambobi suna rawa da kansu: haihuwa 104 tana iya zama 94 ko 114 baɗi ba tare da wani abu ya sauya ba, mutuwa 28 kuma 23 ko 33. Ƙa'idar ita ce, rawar ta kai kusan lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin. A tara shekara uku, a raba uku, a gwada da ukun da za su biyo baya, da iyaka ɗaya da doka ɗaya da wata ɗaya.

Littafin amana ne. Lambar gida da lambar ɗaki kawai za a rubuta a shafukan lissafi, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma ta zauna a hannun mutum ɗaya. Cikin da ba na aure ba, da ɓari, da rashin haihuwa, idan suka fita daga bakin masu ƙirga, baɗi babu ƙofar da za ta buɗe.

Tunda kun shiga ɗaki-ɗaki, ku tambayi kowace mai jego ko an yi wa jaririn rajista. A ofishin rajistar haihuwa da mutuwa kyauta ne kafin yaro ya cika wata goma sha biyu. Bayan nan akwai kuɗi da ƙarin takardu. Haihuwa 104 ta bana kuma ita ce yaran da za su nemi gurbi a nazare bayan shekara huɗu, a aji ɗaya na firamare bayan shida. A cire waɗanda suka rasu, a kai wannan lambar ga shugabannin makarantun unguwar da ma'aikatan lafiya masu awo da rigakafi, a kuma ajiye kwafi wurin sarkin zango don masu ƙirgar Yuli mai zuwa.