Kurakuran da masu koyon saƙar abin wuya ke ta maimaitawa, da yadda nake gyara su

Sanyi ya fara shigowa, kuma kamar kowace shekara da zarar Disamba ta matso sai 'yan matan da ke zuwa wajena koyon saƙa kowacce ta taso wai ita abin wuya take so, wannan zagayayyen da ba shi da jela kamar mofla, kawai ki zura kai ya zauna a wuya. Gaskiya ne yana da sauƙi, in hannunki ya ɗan faɗa yamma biyu ta ishe ki. Amma wallahi na gaji da ganin kuskure iri ɗaya, a satin nan kaɗai mutum uku sun kawo min nasu ana ta "Anti duba min ya ƙi", kuma duk ukun tun a layin farko suka ɓata shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta.

Na farko, kuma wanda ya fi ƙona min rai domin ni ma ya taɓa kunyata ni, shi ne tsuke sarƙar farko, wato jerin madaukan da ake fara saƙa da su, waɗanda kowanne muke ce masa ido. Mai koyo tana jin tsoron kada zare ya subuce, sai ta riƙe kwarashi kamar za a ƙwace mata, ta ja kowane ido tamau. Sauran saƙar da za ta biyo baya tana da laushi tana miƙewa, amma sarƙar nan ba ta miƙewa ko kaɗan, ta zama kamar igiya a bakin abin. To abin wuya ba wuya yake fara bi ba, kai yake bi. Kan babban mutum zagayensa ya kai santimita 55 zuwa 58, ba a ma sa kitso da ɗankwali a lissafi ba, wuya kuwa ko 40 da ƙyar yake kaiwa. Ke kuma kin ɗauko tef ɗin tela kin auna wuya kin ce ya isa.

Haka na yi shekarar da na yi aure. Na ce zan burge uwar mijina, don tana yawan kukan sanyin asuba yana shigar mata ƙirji. Na sayi zare mai kyau ruwan toka, kwana huɗu ina kai, har da ɗan ado na yi masa a baki. Ranar Juma'a muka je gaisuwa, falo cike da dangin miji, na durƙusa na miƙa. Ta ce "Kai 'yar nan, da hannunki kika yi? Allah ya yi albarka." Ta ɗaga ta sa, abu ya zo goshi ya tsaya cak. Ta cire ɗankwali ta sake gwadawa, ya sauko har kan gira ya ƙi wucewa, tana ja ina jin zaren yana ƙara. Wata ƙanwar maigidan ta kasa riƙe dariya ta fice tsakar gida. Ita kuwa Hajiya baiwar Allah sai ta ninke shi ta ajiye gefe ta ce ai zai yi wa jikanta, ni kuma da ƙasa za ta tsage da na shige. Har yau in sanyi ya shigo sai an tuna min a gidan nan.

Tun daga ranar ga abin da nake yi. Sarƙar farko da kwarashi mafi girma nake yin ta, in aikin da mai lamba 5 ne, wato mai kaurin milimita 5, to sarƙa da 6 ko 6.5, in na gama sai in koma 5 ɗin. Kuma ba na yarda da lissafin kowa, ko mai bidiyon YouTube ta ce ido 80, hannunta daban nawa daban. Ina yin sarƙar ne har ta kai santimita 60 zuwa 65 a kwance ba tare da na ja ta ba, sannan in haɗa bakin biyu da yatsa in zura kaina da ɗankwalina a kai. In ta wuce ba gardama shi ke nan. A hannuna da zare matsakaici wajen ido 80 zuwa 85 ke ba ni haka, amma akwai yarinyar da sai da ta yi 96 kafin ta kai, don hannunta tsukakke ne, kuma ba laifi ba ne.

Na biyu shi ne murɗewar sarƙa wajen haɗa zagaye. Wannan mugun abu ne saboda ba ya nuna kansa da wuri. Ki haɗa ido na ƙarshe da na farko kina ganin komai daidai, ashe sarƙar ta juya sau ɗaya a tsakiya. Ki yi layi biyu, uku, biyar, kina hira kina kallon fim, sai can ki shimfiɗa shi a cinya ki ga ya ƙi kwanciya, ki gyara nan ya murɗe can. Sai ki ce bari in ci gaba wataƙila zai daidaita. Ba zai daidaita ba! Ko wanki ko ja ko danne shi da katifa ba abin da zai cire murɗar nan, sai warwarewa har ƙasa. Kuma abin da ke ba ni haushi ke nan da ku, kun gani tun a layi na uku amma ƙyashin warwarewa ya sa ku kai shi layi 15 sannan ku kawo min kuna marairaicewa. Me zan yi masa, addu'a? Layi uku minti ashirin ne, layi 15 kuwa kwana biyu ne da ciwon wuya, ku zaɓa. Eh na san akwai wanda da gangan ake murɗa shi don ado, amma wannan da niyya ake yi, kuma ana ba shi tsawo isasshe, naku tsautsayi ne kuma yana shaƙe mutum.

Masu koyarwa da yawa za su ce ki shimfiɗa sarƙar a tebur ki tabbatar duk idon suna kallon sama sannan ki haɗa. Ni dai idona bai iya wannan ba, balle da dare. Abin da nake yi shi ne ba na haɗa sarƙa sam. Layin farko a miƙe nake saƙa shi kamar zan yi mofla, in ya zama ɗan faffaɗan tsiri mai kauri wanda ko makaho zai shafa ya san gaba da baya, sai in haɗa saman bakin biyu in ci gaba da zagaye. Ɗan gibin da zai rage a ƙasa, jelar zaren da na bari tun farko nake sa wa allura in ɗinke, ba mai ganewa. Wata abokiyar sana'ata tana cewa wannan ha'inci ne ba saƙa ba, to ita ta sani, nawa dai ba ya murɗewa.

Sai ƙaruwar ido. Kin fara da 80, in kin zo ƙarshen zagaye akwai wani ɗan ido na wajen haɗi da yake kama da na gaske, ki zura a ciki, kin zama 81. Zagaye na gaba 82. Kafin ki kai layi 18 abin ya buɗe kamar siket, ƙasa tsukakke sama wage. Wasu kuma akasin haka, tsallake ido suke yi ya riƙa tsukewa kamar mazurari. Maganin ƙirga ne, kuma na san ba kwa so. Ni ba na sayen robobin alamar nan, guntun zare mai wani launi nake ratayawa a idon farko na kowane zagaye, wani lokacin ma fil ɗin hijabi, kuma duk layi uku sai na ƙirga. In yara suna hayaniya ina rasa lissafi, sai in sa alama duk bayan ido 20.

Zare kuma, don Allah mai koyo ta bar baƙi da shuɗi mai duhu. Ba za ki ga ido ba, in an ɗauke wuta kina haska tocilan ɗin waya kuwa sai dai lalube. Ta bar mai gashi-gashi ɗin nan ma, kyau a ido amma in kika tashi warwarewa sai ya cukurkuɗe ya tsinke. Ki samu mai santsi mai haske, matsakaicin kauri. Kuma kafin ki biya ki goga dunƙulen a wuyanki ko ƙasan haɓa, ba a tafin hannu ba, don tafin hannu ba ya jin ƙaiƙayi. Lokacin hunturu fata a bushe take, zare mai kaushi minti goma yaro zai cire ya jefar, kin yi aikin banza.

Ki sayi zaren da zai ishe ki a lokaci ɗaya. Dunƙule mai giram 100 guda biyu nake ɗauka ko da ɗaya da rabi zai isa, domin in kika koma kasuwa bayan sati biyu za ki iya samun launin amma rinin ba ɗaya ba, a shago ba za ki lura ba sai kin fito rana ki ga abin ya rabu biyu. Masu takarda a jiki akwai lambar rini, ki duba su zo ɗaya.

Akwai wani ruɗani da ba laifinku ba ne. Turawan Amurka da na Ingila sunan ɗinkinsu ba ɗaya ba. Abin da 'yar Amurka ke kira dabul, wato ki naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin ki zura, 'yar Ingila tirebul take ce masa, dabul ɗinta kuma shi ne gajeren nan da Amurkawa ke ce wa singul. Shi ya sa za ki bi rubutu tiryan-tiryan ki ga naki ya fito rabin tsayin na hoto. Ki kalli hannun mai yin, kar ki tsaya kan sunan.

Tsayi, santimita 20 zuwa 25 ya isa babba, na yaro 15. Kar ki ga zare ya rage ki ce sai kin cinye shi, ya zo yana rufe hanci.

Jelar zare, nan ma sai na yi faɗa. Abin da kuke yi shi ne ku ƙulla ku datse da reza dab da ƙulli, wanki ɗaya ya kwance rami ya buɗe. Ki bar kamar tsawon tafin hannu, santimita 15, ki sa a allura mai babban hanci ki bi ta cikin saƙar gaba, ki dawo baya, sannan ki yanke.

Wanki da ruwan sanyi da hannu, kar a murɗa, a matse cikin tawul a shimfiɗa a inuwa, in kika rataya a igiya da ruwa a jiki nauyi zai ja shi ya zama wani abu daban. In zaren ulu ne na gaske ruwan zafi yana sa shi ya ƙanƙance ya cure. Yawancin wanda muke samu a kasuwa kuwa na roba ne, shi da dutsen guga ba sa ga maciji. Bara wata ɗalibata ta gama nata tsaf, jan gaske, na yaba mata, ta tafi gida ta ce bari ta goge shi ya yi kyau kafin ta ɗauki hoto ta sa a sitatus. Washegari ta kawo min shi a leda, gefe ɗaya ya lafe yana sheƙi da shatin dutsen guga a jiki, wai ko za a iya warware wajen. Na ja zaren ya ƙi fitowa, ya narke ya manne. Yanzu haka yana nan ɗakina, shi nake ɗora tukunyar shayi a kai.