Juya kwalin tukuna kafin ka jefa shi a kwando

Ni dai ban fara karanta bayan kwali ba sai da likita ya ce wa Mama ta rage gishiri saboda hawan jini, muka rage gishirin girki har abinci ya koma salam amma awo ya ƙi sauka yadda ake so, ashe gishirin yana shigowa ta cikin kayan gwangwani da na leda da muke saya ba tare da mun duba ba. Tun daga ranar duk abin da na ɗauka a kanti sai na juya shi. Gaban kwali talla ce, nan ne za ka ga hoton 'ya'yan itace masu sheƙi da rubutu manya-manya wai mai ƙara lafiya wai mai bitamin. Gaskiyar abin tana baya, cikin ɗan teburin nan mai ƙananan rubutu da sai ka matso da shi kusa da ido.

Abu na farko da za ka duba ba kalori ba ne, ba suga ba ne. Ka duba a kan wane adadi suka yi lissafin. Za ka ga an rubuta serving, wato yawan abin da kamfanin ya ɗauka za ka ci a zama ɗaya, kuma wallahi a nan ake yi wa mutane wayo. A ce misali ledar biskit, sun rubuta suga giram 9, ka ce ai ba yawa, amma a sama sun ce lissafin na biskit 3 ne alhali ledar guda 12 ce a ciki, kai kuma ka san in ka buɗe ba za ka tsaya a 3 ba balle yaro, toh in ledar ta ƙare giram 36 kenan ya shiga ciki ba 9 ba. Haka robar lemo, sau da yawa ana ƙirga ta biyu ko biyu da rabi, mutum kuma ya ɗaga ya shanye a tsaye.

Shi ya sa in zan kwatanta kaya biyu nake bin layin giram 100 ko mil 100 kawai. A ƙasashen Tarayyar Turai dole ne a sa wannan layin, kayan da suka fito daga Amurka kuma galibi serving kaɗai za ka gani sai ka ɗan yi lissafi da waya. Ka riƙe kwali ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka kalli layi ɗaya a duka biyun, cikin minti guda ka san wanda ya fi.

Yanzu suga. Giram 4 kusan cokalin shayi ɗaya ne, ka riƙe wannan lissafin don shi ne yake sa lambar ta zama abin da ido zai iya gani. Gwangwanin lemo mai gas na mil 330 yakan kai giram 35, wato kusan cokali 9, ka yi tunanin kana tsaye kana zuba cokali 9 a kofi ɗaya na shayi ka miƙa wa ɗanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake ci a rana, ga mai cin kalori 2000 wajen giram 50 kenan, in ma aka sauko zuwa giram 25 ya fi. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya yana da sauƙin haddacewa, a giram 100 na abinci in suga ya wuce giram 22.5 ya yi yawa, in 5 ne ko ƙasa da haka kaɗan ne, na abin sha kuma rabin wannan. Sai dai a lura, madara da yogot suna da nasu sugan na asali, don haka ba duk lambar da ka gani ba ce aka zuba, nan ne jerin kayan haɗi zai raba gardama.

Jerin kayan haɗin nan ni na fi yarda da shi a kan komai. Ƙa'idarsa ita ce ana jera su ne daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, toh in suga ne na farko ko na biyu ka san abin da kake saya ko da hoton alkama ne a gaba. Kuma suga yana da sunaye da yawa, glucose, fructose, sucrose, maltose, dextrose, da duk abin da aka kira syrup, wani lokaci ana sa iri uku daban-daban a abu ɗaya sai kowanne ya sauka can ƙasan jerin, in ka haɗa su kuwa su ne kan gaba.

Gishiri shi ne ya fi rikita mutane saboda wasu kwalaye gishiri suke rubutawa wasu sodiyom, kuma ba ɗaya ba ne. Ka ninka sodiyom sau biyu da rabi ka samu gishiri. In an ce sodiyom miligiram 800, gishiri giram 2 kenan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen cokalin shayi ɗaya, wato ƙasa da miligiram 2000 na sodiyom. A giram 100 in gishiri ya haura 1.5 ya yi yawa, 0.3 zuwa ƙasa shi ne kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne burodi da hatsin karin kumallo na kwali da ko ɗanɗanon gishiri ba ka ji amma yana nan, balle taliyar minti biyu da ɗan ƙullin sinadarinta, leda ɗaya takan cinye babban kaso na abin da aka yarje maka na yini guda. Don Allah masu hawan jini da masu ciwon ƙoda ku riƙa duba wannan layin ko da shi kaɗai ne.

Maganar mai ba sai an ja ta ba. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na furotin da na kabohaidiret 4 kowanne. Ka fi sa ido a kan layin da ke ƙasan jimlar mai, wato saturated, irin man da ke daskarewa kamar kitse da man shanu, in ya wuce giram 5 a cikin 100 ya yi yawa. In ka ga partially hydrogenated a jerin kayan haɗi ka mayar da shi inda ka ɗauko, shi ne yake ɗauke da trans fat, man da ya fi illa ga zuciya, kuma a dokar Amurka in trans fat ɗin bai kai rabin giram a serving ba ana iya rubuta 0 a layinsa. Wanda aka rubuta wa an rage mai kuma ka duba sugansa, sau da yawa da shi ake cike gurbin ɗanɗanon. Fayiba da furotin su ne ake so su yi yawa.

Akwai layin kaso cikin 100 a gefe, wato kason da serving ɗaya ya ɗauka daga adadin yini guda, an gina shi a kan mai cin kalori 2000, 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, 20 zuwa sama da yawa ne. Ba na yara ba ne wannan lissafin, ƙaramin yaro buƙatarsa ba ta kai haka ba. In kuma ka ga lamba biyu a wajen kuzari, kJ da kcal, ta kcal ita ce kalorin da ake magana.

In a gidanku akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko ƙwai ko alkama ko kifi, ka karanta har ƙarshen jerin, galibi ana rubuta su da baƙi mai kauri, kuma ka sake dubawa ko kayan da ka saba saya ne don kamfani yakan canza haɗi ba sanarwa. Sai kwanan wata. Best before yana nufin ingancin zai iya raguwa bayan ranar, use by kuwa na kayan da ke saurin lalacewa ne kamar nama da kifi, in ranar ta wuce kar a ci ko da bai yi wari ba, kuma ranar tana aiki ne kawai in an ajiye shi yadda aka rubuta a jiki.