Ga sababbin zuwa Sifaniya: ku koyi faɗin abin da ya riga ya wuce

Gaisuwa da cefane ba sa ba kowa wahala a nan. Cikin wata guda yaro zai iya "buenos días", ya tambayi kuɗin tumatir, ya hau jirgin ƙasa bai ɓata ba. Daga nan sai ya ɗauka ya gama Sifaniyanci, ya daina zuwa ajin kyauta na ƙungiyoyin agaji irin su Cruz Roja (Red Cross) ko CEAR (mai taimakon 'yan gudun hijira). Ƙannena, ba ku ma fara ba.

Duk inda takarda ta shiga, labarin jiya ake tambaya. A ayuntamiento (ofishin ƙaramar hukuma) wajen padrón (rajistar mazauna gari), a ofishin baƙi, a gaban likita: yaushe ka shigo, ina ka zauna, wa ka yi wa aiki, me ya same ka. Takardar zama ta arraigo, wadda ake ba wanda ya daɗe a ƙasar, tun Mayun 2025 shekara 2 take nema maimakon 3, kuma kai za ka nuna ka yi su a ƙasar. Amsoshin nan da pretérito indefinido ake ba da su, wato sigar aikatau ta faɗin abin da ya riga ya wuce.

Mu a Hausa gaba muke canzawa: na biya, ka biya, ya biya. Su wutsiyar kalma suke taɓawa. Aikatau mai ƙarewa da -ar, kamar trabajar (yin aiki): trabajé, trabajaste, trabajó, trabajamos, trabajasteis, trabajaron. Masu -er da -ir hanyarsu ɗaya, kamar vivir (zama): viví, viviste, vivió. Wannan haddar mako guda ce ga wanda ya yi allo.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen nauyin murya. "Pago" ina biya ke nan, ko zan biya. "Pagó" wani ne ya biya. "Pagué" shi ne na biya. Abin da ke ba ni haushi, mu da kunnenmu ya saba rarrabe kalma da hawa da saukar murya, bai kamata wannan ya kayar da mu ba. Amma na tsaya a bakin ƙofa ina ganin wani ƙanenmu da mai gidansa, dattijo riƙe da littafi yana cewa kuɗin wata bai shigo ba. Yaron ya biya tun farkon wata, hannu da hannu, babu rasit. Gumi na keto masa, yana ta "yo pago, yo pago". Dattijon ya ce "¿cuándo?", wato yaushe, don shi alƙawari ya ji ana yi masa. Sai da na sa baki na ce "ya pagó", sannan aka koma duba littafi. Ran nan da an zaftare masa daga fianza, kuɗin ajiyar wata guda da doka ta tanada. Ku riƙa turawa ta banki, ko ku karɓi recibo (rasit) da sa hannu, ko da mai gidan yana kiranka "hijo", wato ɗana.

Akwai kuma masu taurin kai da ba sa bin ƙa'ida, kuma su aka fi buƙata: fui na je, vine na zo, tuve na samu, hice na yi, dije na ce, estuve na kasance, pude na iya. "Fui" da "fue" na aikatau biyu ne, ir (tafiya) da ser (kasancewa). Jimla ce ke nuna wanne ake nufi. Llegar (isowa) kuwa a rubuce "llegué" ne, da u, kada ku cike fom babu ita.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu saurin kama harshen saboda Faransanci, wannan gaskiya ce. Sai dai suna jingina komai da "he pagado" (wata hanyar cewa na biya), don ya yi kama da passé composé na Faransanci. A Madrid hakan daidai ne in abin yau ya faru ko makon nan. Da zarar ka ce ayer (jiya) ko ka ambaci shekara, sai "pagué" da "llegué en 2023". Abokan aikinku 'yan Kolombiya da Ekwado ma ko abin safiyar yau "pagué" za su ce.

Alhamdu lillahi, jama'armu daga gonakin Almería har Barcelona ba sa barin baƙo ya je ofis shi kaɗai. Amma ranar jarrabawar Sifaniyanci ta DELE A2 ta neman zama ɗan ƙasa babu mai shiga da kai. Kullum bayan isha'i ka samu wanda ya daɗe, ka faɗa masa abu biyar da ka yi jiya, ya gyara maka.