Kurakuran da mata ke yi wajen sayen rigar mama

Rigar mama nake sayarwa a kasuwar Garwa ta Kamaru, kuma na gaji da jin magana ɗaya daga bakin 'yan mata har da iyayensu: "Ni B nake sawa." B ɗin wace lamba, 'yar uwa? Kofi, wato mazaunin nono da harafin ke nunawa, yana girma ne tare da lambar zagayen ƙirji, don haka na 85B daban, na 100B daban. Shi ya sa 85D da 90C da 95B kusan cikinsu ɗaya, zagayen ƙirji ne ya raba su. In kofi ya zauna miki daidai amma baya ya yi sako-sako, sauka lamba ɗaya ki hau harafi ɗaya.

Ari tef a wajen tela. Auna ƙarƙashin nono, tef ya kama jiki sosai, sannan ki auna ta inda ya fi cika ba tare da matsewa ba. A lissafin Turai, in tazarar awon biyu ta kai santimita 12 zuwa 14, A ne. 14 zuwa 16, B. 16 zuwa 18, C. 18 zuwa 20, D.

Babbar matsalarmu a nan ita ce lambar kanta, domin kayanmu ba daga hanya ɗaya suke zuwa ba. Gwanjon da ke hawowa daga Duwala da yawa lissafin Faransa ne, na Kano da Mubi kuma sai ki ga 34 ko 36 irin na Ingila. Wadda ƙarƙashin ƙirjinta ya ba da santimita 75, a lissafin sauran Turai 75 ce, a na Faransa 90, a na Ingila 34. Tazarar 15 ce tsakanin Faransa da sauran Turai, ki riƙe wannan.

Abin nan ya taɓa cin jarina. Dangin wani ango suka zo haɗa lefe, babbar yayarsa ta ce amarya 90 take sawa, a jikin tsohuwar rigarta aka gani. Na ce, "Hajiya, 90 ɗin wace ƙasa? A kira yarinyar ta auna." Ta ce Allah ya kiyaye, wannan ai rashin kunya ne. Suka zaɓi dozin masu kyau, duk 90 na Turai, wato 105 na Faransa. Bayan biki aka dawo mini da su a leda, an yanke takardunsu, sun sha turaren wuta har soso ya kama ƙamshi. Wa zai sayi wannan a matsayin sabo? Don zumunci na karɓa, na haɗiye asarar. Wace irin kunya ce za ta hana a tura awo ta hannun ƙanwa ko ƙawa, amma ba ta hana a zubar da kuɗi ba? Tun daga ranar, ba awo, ba ciniki, ko gwaggona ce ta zo.

Ku kuma masu ɗaure igiyar kafaɗa har ta yi muku shaida a fata, ku daina! Ɗamarar da ta zagaye ƙirji ce ke ɗaukar nauyi, igiya taimako kawai take yi. In kika ga baya yana hawa sama zuwa wuya, ɗamarar ta yi miki yawa. Ni sabuwa a ƙugiyar farko nake gwada wa mace, mafi sassauci, don roba tana saki da wanki, sai ta riƙa matsawa ciki.

Tsaya gaban madubi, sunkuya ki sa hannu ki tattaro naman gefen hammata cikin kofi. Tsakiyar rigar ta kwanta a ƙashin ƙirji. In nono ya tumbatsa ta sama kamar ƙullun da ya kumbura a kwano, kofi ya yi kaɗan. In yadin ya yamutse, ya yi yawa. Ƙarfe ya zagaye nono ta ƙasa, kada ya hau kansa.

Nono ɗaya ya fi ɗaya girma? Haka yawancin mata suke, bi babban. Mai ciki da mai shayarwa su sake awo, kuma ni ba na ba su mai ƙarfe. A zafin Maris da Afirilu ki ajiye mai soso ki ɗauki ta auduga, saboda ƙuraje. Wanki da hannu, shanya a inuwa. In kuwa kin ji ƙullutu ko ciwon da bai tafi ba bayan kin canza riga, wannan ba aikin kasuwa ba ne, je asibiti a duba ki.