Yadda Ake Yin Fitilar Kabewa Tare da Yara Ƙanana

A Amurka, idan daren 31 ga watan Oktoba ya zo, wanda suke kira Halowin, iyaye kan zauna da 'ya'yansu su fafe kabewa, su yanka mata idanu da baki, su kunna wuta a cikinta, su ajiye a ƙofar gida. Al'adar ta taso ne daga Ailan da Sikotilan, inda a da ake fafe wata saiwa mai dunƙule, sai da mutanen Ailan suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tarar kabewa ta fi girma, ta fi sauƙin yanka. Bikin ba namu ba ne, ban kuma ga dalilin ɗauko shi ba. Amma aikin hannun da ke cikinsa ya yi mini, domin ya zo daidai da kaka, lokacin da kabewa ke kwance a kan rufin ɗaki da bayan danga a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, kuma mutanen da suka gaji fafe duma ba za a koya musu fafe kabewa ba. Sharaɗina ɗaya ne: kabewa abinci ce, saboda haka a yi aikin yadda ba za ta tafi a banza ba.

A zaɓi wadda ta ƙosa, mai zama daram idan an ajiye ta, wadda ba ta da tabo ko wuri mai laushi. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a haɗa kaya kafin a kira yara: gajeriyar wuƙa mai kaifi, babban cokalin ƙarfe, ƙusa mai kauri wadda aka wanke, gawayi, kwanuka biyu, da buhu mai tsabta da za a shimfiɗa. A wanke kabewar, kowa ya wanke hannu da sabulu. Bayan la'asar ya fi dacewa, domin a gama da sauran haske.

Wuƙa ta babba ce shi kaɗai, kuma wannan ba abin sassauci ba ne ko da yaro ya yi kuka. Kabewarmu ta fi ta Turawa tauri da kaurin nama, wuƙa takan maƙale a cikinta, sannan ta kuɓuce da ƙarfi idan aka danna. Babba ya goge hannunsa da ƙotar wuƙar su bushe, ya sa yara su ja baya, sannan ya yanke murfi kewaye da hancin kabewar, yana karkata bakin wuƙar zuwa tsakiya, domin idan aka yanka a miƙe murfin zai faɗa ciki. A riƙa yanka kaɗan-kaɗan kamar mai aiki da zarto, kada kuma ɗaya hannun ya kasance a gaban wuƙa. Da an gama, a ɗauke ta a ɗora inda hannun yaro ba ya kai.

Daga nan aikin yara ya fara, kuma nan ne ya kamata a bar su su daɗe. Ɗan shekara 3 zuwa 5 zai iya zura hannu ya kwaso hanjin kabewa, ya tsince 'ya'yan ya zuba a kwano. Ranar da na fara yi da 'yar ƙanwata mai shekara huɗu, tana zura hannu ta zare da sauri ta ce, "Inna, akwai sanyi a ciki!" Ta tsaya tana kallon zaren da ya nannaɗe mata yatsu, sannan ta sake mayarwa har gwiwar hannu, ba ta kuma yarda kowa ya taya ta ba. Kada a hana su ɓata jiki, wanka yana nan. Manyansu kuma su kankare naman da cokali zuwa ɗaya kwanon, har kaurin bangon ya rage kamar faɗin yatsu biyu, domin haske ya samu hanyar fita.

Wajen zane, gidaje da yawa ba sa son surar fuska, kuma babu abin da ya wajabta ta. Tauraro, jinjirin wata, dagi, ko irin layukan da ake yi wa ƙwarya duk sun fi kyau a idona. Yaro ya zana abin da yake so da gawayi, ko ya karkace a bar masa kayansa. Ɗan shekara 6 zuwa sama zai iya bin zanen yana huda shi da ƙusa, rami kusa da rami, babba yana riƙe masa kabewar. Waɗannan ƙananan ramuka kaɗai sun isa, don da dare haske yakan fito ta cikinsu ɗigo-ɗigo a jikin bango. Idan ana son babbar kafa, babba ne zai yanka, yaro ya tura guntun da yatsa ya faɗo.

A Amurka kyandir suka saba sawa, amma ni ban ba da shawarar haka ba. A lokacin kaka gidajenmu cike suke da kara da harawa, ga zana, ga iskar hunturu ta fara kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa. A sa ƙaramar tocila a ciki, a rufe murfin, a ajiye a tsakar gida bayan sallar isha'i. Tocila tana da wata fa'idar kuma, ba ta sa hayaƙi, saboda haka kabewar ba ta ɓaci ba.

Naman da aka kankare ya shiga miyar taushe a daren, da gyaɗa da yakuwa. Ita fitilar, a shigar da ita ɗaki a rufe da kwando saboda ɓera da kaji, da safe a wanke gawayin, a yanke bakin ramukan, a fere, a dafa. Kada ta wuce kwana ɗaya, domin kabewar da aka buɗe saurin yin laushi da funfuna take. Wadda ta yi yaushi amma ba ta ruɓe ba, a yanka wa awaki. 'Ya'yan kuma a wanke a shanya a faifai. Wasu a soya da gishiri a ba manyan yara, ban da ƙananan da za su iya shaƙewa, sauran a zuba a gora a toshe baki, idan ruwa ya sauka yaran su shuka da hannunsu a gindin danga.