Sunan ɗiyar hunturu: inda iyaye ke yin tuntuɓe

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke lulluɓe duwatsun unguwar Birni a Damagaram kuma ake kwana da kaskon wuta a ɗakin mai jego, ba a rasa sabon uban da zai ɗauko waya ya ce shi fa sunan sanyi zai raɗa wa ɗiyarsa. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wadda ta zo cikin watan azumi Azumi ce, ta ranar idi Tasalla, ta tsakiyar damina Marka. Sai dai kwana bakwai ba su da yawa, kuma cikin gaggawar nan ake yin ɓarna.

Ɓarnar da aka fi yi ita ce aro hunturun wasu. Jerin sunayen da ke yawo a intanet mutanen ƙasashen ƙanƙara ne suka rubuta wa junansu. Neige a Faransanci dusar ƙanƙara ce, Blanche da Bianca kuwa fari suke nufi. To wace ƙanƙara ce ta taɓa sauka a unguwar Zango? Namu hunturun busasshiyar iska ce daga arewa maso gabas, ga ƙura, ga faso a dunduniya, ga sanyin asuba da ke sauka wajajen digiri 15. Noëlle da Nathalie kuma ba sanyi suke nufi ba ko kaɗan, asalinsu bikin Kirsimeti ne. Gidan Kirista suna sa su da saninsu, amma Musulmin da ya ɗauka don daɗin faɗa gara ya san abin da ya ɗauka. Ko Nada ta Larabci, wato raɓa, suna ne mai kyau, amma raɓa ta ƙarshen damina ce. A watan Janairu ganye ma ƙeƙasasshe yake kwana.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tsinto kalma daga Alƙur'ani a ce ai tunda a can take, albarka ce. Zamharira ta zo a cikin Suratul Insan, aya ta 13, ga ta da daɗi a kunne kamar sunan amarya. Amma ma'anarta matsanancin sanyi mai azabtarwa, kuma ayar cewa take ƴan Aljanna ba za su gan shi ba. A hadisi ma da numfashin wutar Jahannama aka danganta shi. Maganin wannan ba ya cin ko dala: kafin ranar suna a kai kalmar wurin malamin da ya san Larabci, a ce, "Allah gafarta Malam, mene ne fassararta, kuma a kan wa aka faɗe ta?" Tambaya ta biyun ita ake yawan mantawa.

In ana son sanyi daga Larabci, akwai na ƙwarai. Ƙurratul Aini sanyin idaniya ne, kuma da wannan lafazin ake roƙon zuriya tagari a ƙarshen Suratul Furƙan. Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne Surayya. Ita ce tarin taurarin nan da muke ce wa kaza da ƴaƴanta, waɗanda ke tsayawa can sama bayan isha'i a watannin ɗari. Daren da hazo ya yi sauƙi, uba zai iya fita tsakar gida ya nuna wa yarinya sunanta da yatsa. Liman ba zai yi tuntuɓe da shi ba, kaka ma haka.

Masu kishin Hausa su ma suna da nasu ramin. Ka sa mata Sanyi, ka manta da abin da mata ke nufi idan suka ce ciwon sanyi, da kuma wanda ake ce wa mai sanyin jiki. Ka sa mata Ɗari, yaran makaranta su mayar da ita dala ɗari, a riƙa tambayarta canji. Kafin a tsaida magana, a tsaya bakin zaure a ƙwala kiran sunan kamar ana neman yarinya da magariba, a ji yadda zai faɗa a kunnen maƙwabta.

Sai rigimar cikin gida, wadda yawancinta ba ta da dalili. Uwar miji ta daɗe tana jiran takwara, ɗanta kuma ya zo da suna daga waya. "Inna, zamani ne," in ji shi. Ita kuwa ta ce, "Zamanin ne ya haife ka?" Alhali Bahaushe wuri biyu gare shi: akwai sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai a yanka rago, akwai kuma laƙabi. Azumi da Ladi da Talatu duk a wuri na biyu suke zaune, kowace tana da Hadiza ko Mariyama a ƙarƙashi. Kuma in aka yi wa kaka takwara, dole ne a nemi sunan sakayawa, tunda uwar jaririya ba za ta riƙa kama sunan surukarta gatsal ba. Maimakon a ƙara wata Ummi ko Nana a unguwar da ta riga ta cika da su, nan ne gurbin sunan hunturun. Kowa ya samu nasa.

Na ƙarshe kuskuren alƙalami ne. Takardar haihuwa a Nijar da rubutun Faransanci ake cika ta, don haka Surayya ɗaya tana iya fitowa Souraya a katin asibiti, Sourayya a ma'aikatar magajin gari, Thouraya a rajistar makaranta. Ba a ganin illar sai ranar haɗa takardun jarrabawa ko neman fasfo, sa'annan gyaran harafi guda ya zama zirga-zirgar kotu. A rubuta sunan da manyan baƙaƙe a ƴar takarda, a miƙa wa ma'aikaci, a karanta abin da ya rubuta kafin a bar gaban teburinsa. A kuma yanke tun ranar wanne ne zai shiga takarda, na yanka ko laƙabi, don akwai ƴan matan da sai ranar da malami ya kira rajista suke jin sunansu na gaskiya, su yi ta waige suna neman mai shi.