Yadda za ka zaɓi batirin tafi-da-gidanka da zai riƙe injin CPAP har asuba

Mai fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda ya dogara da injin CPAP (na'urar da ke tura masa iska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe), ya san tashin hankalin a ɗauke wuta da tsakar dare.

1. Duba jikin cajar injinka. ResMed AirSense 10, misali, an rubuta wat 90, bolt 24. Wannan iyakarsa ce, ba kullum yake jan haka ba.

2. Yi lissafi. A nan ya kamata ka natsu. Ninka wat ɗin da yake ja da sa'o'in barcinka: wat 40 sau awa 8 ya ba ka 320Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa). Ƙara kashi 20 cikin 100, domin inbatar da ke cikin batirin tana cin nata rabon, ka ga ana maganar wajen 400Wh. Abin da ke shanye caji shi ne tukunyar ɗumama ruwa da tiyo mai zafi na injin CPAP ɗin. In ka kashe su, batirin zai iya kai ka dare biyu ko fiye, sai dai lokacin hunturu hanci kan bushe, don haka ni na fi son a sayi 500Wh.

3. Zaɓi wanda aka rubuta wa "pure sine wave" (wato mai ba da wuta irin ta soket ɗin gida), mai nau'in batirin da ake kira LiFePO4, wanda ke jure caji sau dubbai.

4. Nemi wayar DC (wadda ke haɗa injin da batirin kai tsaye, ba ta inbata ba) da aka yi wa samfurin injinka. Tana rage asarar caji sosai.

5. Kashe tsarin "eco" (tsarin tattalin caji) na batirin. Wasu batiran kan kashe kansu idan jan wuta ya yi ƙasa, kana tsakiyar barci.

6. Gwada batirin dare guda ranar da akwai wuta, da safe ka duba kashi nawa ya rage.